Hankaka ya cinye 'ya'yan kurciya a gaban yarana, me ya kamata mu yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Gyallesu, Zariya. A tsakar gidanmu akwai bishiyar gwaiba, wata kurciya ta yi sheƙa a kanta ta ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu. Yarana sun shaƙu da su, kullum kafin su tafi makaranta sai sun ɗora kujera sun leƙa. Ranar Asabar da hantsi hankaka ya sauko ya ɗauke ɗaya, ya kai kan katanga yana yagarsa muna kallo, bai jima ba ya dawo ya ɗauke ɗayan. Uwar tana gefe, ba abin da ta iya yi. Autata ta yi kuka har ta ƙi cin abinci, babban kuwa ya haɗa danƙo ya ce sai ya ga bayan hankakin unguwar nan. Maigida ya ce a sa musu guba a hanjin kaza. Ni kaina abin ya tsaya min a rai. Me ya sa tsuntsu zai ci ɗan ɗan'uwansa tsuntsu? Hankaki za su ƙarar mana da ƙananan tsuntsaye ne? Me ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana yaran, ya ƙara musu wannan tausayi. Tambayarki ta ƙunshi abu uku: dalilin da ya sa hankaka ya aikata abin da ya aikata, ko ɓarnarsa za ta iya ƙarar da kurciyoyi da ire-irensu, da kuma matakin da ya dace ku ɗauka a gida. Akwai ta huɗu da ba ki rubuta ba amma tana cikin saƙon, wato abin da za ki faɗa wa autarki. Zan taɓa dukkansu. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu, kuma na shafe shekaru ina bin tsuntsayen Samaru da bakin kogin Kubanni da gonakin Shika da littafi a hannu. Na ga irin abin da kuka gani sau da dama, har yau kuma ban daina jin zafinsa ba. Saboda haka kada ki ɗauka damuwarki rauni ce.

Abin da hankaka yake nema

Bari mu fara da kalmar nan "ɗan'uwansa". Mu ne muke haɗa su a suna ɗaya saboda duk suna da fiffike. A wajen hankaka kurciya ba danginsa ba ce, kamar yadda mage ba ta ɗaukar ɓera a matsayin ɗan'uwa don kawai su biyun suna shayar da 'ya'yansu nono. Dangin hankaki da dangin tattabaru sun yi hannun riga tun da daɗewa, jikinsu daban, abincinsu daban. Kurciya 'yar tsintar ƙwaya ce, gero da dawa da irin ciyawa. Hankaka kuwa ba ya zaɓe: fara, gara, ƙadangare, gyaɗa, guntun tuwo a bola, tarkacen nama a bayan mahauta, mushen da mota ta taka a hanyar Kano ko ta Kaduna. Ƙwai da 'yan tsuntsaye wani ɓangare ne kawai na cimarsa, kuma ya fi matsa musu a lokacin da shi ma yake da bakunan da zai ciyar.

Macen hankaka takan yi ƙwai huɗu ko biyar a sheƙar da suka gina can ƙololuwar rimi ko bishiyar turare, ko kan ƙarfen eriyar sadarwa. Takan yi kwanci kusan kwana 18, 'ya'yan kuma su zauna a sheƙa wajen mako shida kafin su tashi. Duk tsawon wannan lokaci suna buƙatar abinci mai laushi mai gina jiki, daga fitowar rana har faɗuwarta. Ɗan kurciya mai mako guda ba ya gudu, ba ya cizo, ƙashinsa bai yi tauri ba. Dawowar da hankakan ya yi ya ɗauke na biyu ba ƙeta ce ta sa shi ba. Ya riga ya san wurin, kuma ya san akwai saura.

Yadda yake gano sheƙa shi ne abin da nake so ki fi lura da shi. Hankaka ɗan sa ido ne. Yakan zauna kan katanga ko tankin ruwa ya yi shiru, yana kallon inda uwa take shiga da inda take fita. Wani masanin tsuntsaye mai suna Alexander Skutch, wanda ya yi rayuwarsa a ƙasar Kosta Rika, ya kawo hujja tun 1949 cewa yawan zirga-zirga a bakin sheƙa yana jawo hankalin mafarauta, har yana ganin wannan na daga dalilan da suka sa tsuntsayen ƙasashe masu zafi ba sa yin ƙwai da yawa. A Amurka kuma an gwada hankakin can a birnin Siyatil, aka tabbatar suna gane fuskar mutumin da ya taɓa kama su har bayan shekaru. Namu wani jinsi ne, amma duk wanda ya taɓa ɗaga hannu kamar zai yi jifa ya ga yadda suke watsewa ya san ba a bar su a baya ba wajen wayo.

Zan faɗi wannan a hankali, kuma don Allah kada a ɗora wa yaran laifi: ɗora kujera a leƙa sheƙa kowace safiya yana iya zama abin da ya nuna wa hankaka hanya. Ba ni da tabbacin haka ne ya faru a gidanku, domin ban ga wurin ba, kuma sheƙar kurciya dama ba ta ɓoyuwa sosai, 'yan tsinkaye ne aka jera har kana hango ƙwan ta ƙasa. Amma ni kaina na taɓa yin wannan kuskure. Wata damina na sami sheƙar wani ɗan tsuntsu a cikin shingen lalle, da 'ya'ya uku da ko ido ba su buɗe ba. Ina son hoto mai kyau da zan nuna wa ɗalibaina, sai na karya wani ɗan reshe da ya tare min haske. Reshen bai fi tsawon tafin hannuna ba. Washegari na dawo na tarar da sheƙar wayam, iyayen suna tsalle daga reshe zuwa reshe, ɗaya da tsutsa a baki, yana leƙa sheƙar yana komawa. Na tsaya a wurin na fi minti goma. Tun daga ranar ban sake taɓa ganyen da ke rufe da sheƙa ba.

Hankaka mai da ɗan wani naka

Kin san kirarin nan. Kakanninmu sun ce hankaka ba ya ƙwai, ɗan wani yake sacewa ya rene shi ya zama nasa. Na yi ta tunanin inda zancen ya samo asali, kuma a ganina abu biyu ne suka haɗu. Na farko, mutane sun saba ganinsa yana tashi da ɗan tsako a baki, sheƙarsa kuma tana can sama inda ba mai leƙawa. Na biyun ya fi ban mamaki. Akwai wani tsuntsu mai tukku da ɗigo-ɗigon fari a bayansa, masana na kiransa Clamator glandarius, wanda ba ya gina sheƙa ko kaɗan. Macen takan faki idon hankaka ta saka ƙwanta a cikin nasa, shi kuma ya ƙyanƙyashe ya yi ta wahalar ciyarwa. A Afirka hankakan nan namu mai farin ƙirji yana cikin waɗanda tsuntsun ya fi yi wa haka. To ka ga wanda ya ga hankaka yana ɗura wa wani tsuntsu da bai yi kama da shi ba abinci, dole ya ce sato shi ya yi. Idon magabata ya ga gaskiya, fassarar ce ta juya: ɗan wani aka kawo masa, shi ne aka yi wa wayo.

Na kawo wannan ne don ki ga cewa a duniyar tsuntsaye babu wanda ya tsira. Kuma hankaka ya yi suna ne saboda da rana tsaka yake aikinsa, a kan katanga, kowa na gani. Masu yin irin aikinsa a ɓoye suna da yawa. Ragon maza, mai jan fiffike da doguwar baƙar wutsiya, wanda kukansa yake kamar ana tsiyaye ruwa daga gora, yana bin cikin duhuwa a hankali yana shan ƙwai yana cin 'yan tsuntsaye, amma ban taɓa jin an zage shi ba. Akwai wani babban shaho mai launin toka da fuska rawaya marar gashi, wanda gwiwar ƙafarsa take lanƙwasuwa gaba da baya. Na taɓa ganinsa a bakin kogin Galma ya rataya a sheƙar marai, tsuntsayen nan rawaya masu saƙa, kansa a ƙasa yana kaɗa fiffike, yana zura ƙafa cikin sheƙa ɗaya bayan ɗaya, maran sun yi masa caa kamar kasuwa ta watse, ko a jikinsa. Ga maciji, ga gafiya da ɓera da dare, ga guza, ga tururuwa da kan yanyame 'yan tsuntsu tun suna jajaye. Ga mage, wadda zan dawo kanta.

Mutane kan tambaye ni yadda za a gane mai laifi idan ba a gani da ido ba. Akwai alamu: maciji yakan bar sheƙa lafiya lau amma babu komai a ciki, mage takan wargaza ta ta bar gashi a ƙasa, ɓera yakan bar ɓawon ƙwai a gurgure, hankaka yakan huda ƙwan ko ya tafi da shi gaba ɗaya. Sai dai da aka fara kafa kyamara a bakin sheƙa, an gano cewa waɗannan alamu suna yawan yaudara. Ke kam kin gani da idonki, babu shakka a naki.

Abin da ya fi wuyar kallo ma a cikin gida ɗaya yake faruwa. Balbela ba ta jira ta gama saka ƙwai kafin ta fara kwanci, don haka 'ya'yanta ba sa fitowa rana ɗaya. Babban yakan riga ƙaramin girma, ya ƙwace abinci, ya yi ta saransa, idan shekarar ba ta da yalwa ƙaramin ya mutu, iyayen suna tsaye. Sannan akwai tsuntsun nan da ke jagorantar masu ɗibar zuma zuwa kogon bishiya. Shi ma a gidan wasu yake saka ƙwai, kuma ɗansa yana fitowa da wata ƙugiya mai tsini a bakinsa, tun yana makaho tsirara yake cizon 'ya'yan masu gida har su mutu, bayan 'yan kwanaki ƙugiyar ta faɗi. Cikin waɗanda yake yi wa haka akwai koren tsuntsu mai jan maƙogwaro da ke haƙa rami a gaɓar rafi yana cin ƙudan zuma, wanda masanin tsuntsaye Hilary Fry ya yi shekaru yana nazarinsa a nan kewayen Zariya lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960. Wato abin nan yana faruwa a bakin rafukanmu, a cikin rami, inda babu yaron da zai gani ya yi kuka.

Za su ƙarar da ƙananan tsuntsaye?

A taƙaice, a'a, ba a gari irin Zariya ba. Hankaka da kurciya sun zauna tare a ƙasar nan tun kafin a gina ganuwa, kuma har gobe kukan kurciya ne yake tashinmu da asuba.

Ga dalili. Kurciya ƙwai biyu take yi, ta yi kwanci kamar mako biyu, 'ya'yan su tashi bayan wasu mako biyun. Cikin wata guda ta gama, kuma tana iya maimaitawa sau da yawa a shekara. Mu yi lissafin misali. A ce mace da namiji sun yi sheƙa huɗu a shekara, 'ya'ya 8 ke nan, kuma a ce babu wanda ya mutu, kowa ya hayayyafa haka. Ƙarshen shekarar farko suna 10, ta biyu 50, ta biyar 6,250, ta goma sun haura miliyan 19. Daga bishiyar gwaiba ɗaya. Babu geron da zai ishe su. Don adadin kurciyoyi ya tsaya yadda yake, abin da ake buƙata daga uwa da uba a duk tsawon rayuwarsu shi ne 'ya'ya biyu kacal su rayu su maye gurbinsu. Sauran duk za su tafi ta wata hanya: hankaka, mage, iskar farkon damina da ke kakkaɓo sheƙa, cuta, ko yunwa. Sau da yawa wanda hankaka bai ɗauka ba yunwa ce take ɗauka daga baya. Yawan haihuwar kurciya da saurinta an tsara su ne a kan wannan asara.

Bincike ma ya nuna haka. Wani masani mai suna Robert Ricklefs ya tattara bayanan sheƙuna masu yawa a 1969, ya nuna cewa fiye da rabin asarar ƙwai da 'ya'yan ƙananan tsuntsaye daga mafarauta take zuwa, ke nan abin da kika gani shi ne ruwan dare. A Ingila mutane sun daɗe suna zargin wani dangin hankaka mai doguwar wutsiya da ƙarar musu da tsuntsayen lambu. Da aka duba bayanan shekara ashirin, daga 1966 zuwa 1986, an ga ya yi ta ƙaruwa, amma ba a ga nasarar sheƙunan jinsuna 15 da aka bibiya ta ragu saboda shi ba. A 2015 wasu masana, cikinsu har da na Jami'ar Kef Tawun, suka haɗa bincike 42 kan dangin hankaki, suka tarar a kashi 81 cikin 100 na gwaje-gwajen babu wata illa da aka gani. Inda aka ga illa, ta fi bayyana a yawan 'ya'yan da suka tashi a shekarar, ba a yawan tsuntsayen gaba ɗaya ba. Galibin waɗannan bincike a Turai da Arewacin Amurka aka yi su, don haka ina auna su ne da abin da idona yake gani a nan, kuma sun yi daidai.

Akwai inda hankaka yake zama matsala ta gaske: inda jinsin da yake ci ya riga ya yi ƙaranci, ko inda mutane suka sa hankaki suka yi yawa fiye da kima. Na biyun ya shafe mu. Kowace bola a buɗe, kowane hanjin kaza da aka watsar a kwata, ciyar da hankaki ne. Mun kuma sare duhuwoyi da shingayen da ƙananan tsuntsaye suke ɓuya, mun shafe tsakar gida da siminti, mun bar bishiya ɗaya tilo a tsakiya kamar tuta. Sheƙar da ke kan irin wannan bishiya kowa ya san inda take. Wanda ya san Hanwa da Palladan da hanyar Basawa shekaru talatin da suka wuce ya san yawan gonaki da duhuwar da suka koma gidaje. Wannan ne yake rage tsuntsaye, tare da feshin maganin ƙwari da ke kashe abincin 'ya'yansu. Sai mage. A Amurka wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa maguna suna kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 a shekara. Ita da dare da asuba take aikinta, shi ya sa ba a ganin laifinta.

Maganar guba da danƙo

Ina roƙon maigida, da girmamawa, ya janye maganar guba. Guba ba ta san wanda aka nufa da ita ba. Hankaka zai ɗauki hanjin ya tashi da shi, wani yanki ya faɗi a gidan maƙwabta, kaza ta tsattsaga, mage ta ci, yaro mai rarrafe ya kai baki. Hankakan da ya mutu kuma ya zama mushe mai guba ga duk abin da ya ci shi. Dubi ungulu. Muna yara ba a raba ta da mahauta da bayan kasuwa, yau sai yaro ya gama firamare bai taɓa ganinta ba. Tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma guba da farautarta don sayar da sassanta suna cikin manyan dalilai. Bayan haka, kisan ba ya magani. Muddin abincin yana nan, in kun kashe biyu, wasu biyun za su maye gurbinsu kafin wata ya ƙare.

Na san za a ce ai hadisi ya ambaci hankaka. Gaskiya ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito dabbobi biyar masu cutarwa da aka yarda a kashe ko da mutum yana cikin harami, akwai hankaka da shirwa a ciki, wata ruwayar ta Muslim ma ta ce hankaka mai roɗin fari, siffar da ta yi kama da namu. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, hukuncin dalla-dalla na malamai ne, a tambaye su. Abin da na fahimta shi ne an yi maganar ne a kan kawar da cuta daga mutane da dukiyarsu. Kuma a cikin Muslim ɗin ne aka umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa, mutuwar guba kuwa doguwa ce mai azaba. Danƙon babban yaronki shi ma da wuya ya sami hankaka. Abin da na saba gani shi ne, yaron da ya fita neman hankaka da danƙo, kurciya yake dawowa da ita, don ita ce take tsayawa.

Idan kuna kiwon kaji, wannan dukiyarku ce, kare ta wajibi ne. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. A tsare 'yan tsaki a akurki ko a ƙarƙashin babban kwando ko ragar waya har su yi mako huɗu zuwa shida, a riƙa sakinsu lokacin da akwai mutum a tsakar gida. Shirwa daga sama take kawo sura a fili, don haka inuwa da 'yan duhuwoyi suna taimako. Hankaki kuwa na sha ganin su biyu suna haɗa kai, ɗaya ya tsokani kazar ta bi shi da faɗa, ɗayan ya zagayo ta baya.

Su kuma tsuntsayen da ba naku ba, abin da za ku iya yi musu shi ne ku gyara wurin. A rufe bola, a binne hanji da ƙashi. A shuka abu mai duhu da ƙaya a jikin katanga, lemun tsami ko magarya ko shingen lalle, kuma kada a yi wa bishiya aski lokacin da ake ganin tsuntsu yana ɗaukar tsinke. A ajiye kaskon ruwa a wuri mai ɗan tudu kusa da duhuwa, amma nesa da sheƙa, a riƙa canja ruwan saboda sauro. Ni na ɗaure tsohon kwando a lungun rufin barandata, kurciyoyi sun karɓe shi, kuma hankaka ba ya son shiga ƙarƙashin rufi inda mutane ke kai da kawo. Ba na ba da shawarar a kewaye sheƙar da ake kwanci a cikinta da waya, don uwar tana iya tsorata ta gudu ta bar ƙwan. Idan kun ga hankaka yana shawagi ku kore shi da tafi ko tsawa, babu laifi, sai dai ku sani yana da haƙurin da ya fi naku.

In kun tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa, ku duba jikinsa. Wanda gashi ya rufe shi, yana tsalle, koyon tashi yake yi, iyayensa suna kusa, a ɗora shi kan reshe a kulle mage. Wanda yake tsirara a mayar da shi sheƙarsa. Zancen cewa uwa za ta ƙi shi don an taɓa shi da hannu ba gaskiya ba ne. Kada a ɗura masa ruwa a baki, yana shaƙe su. Ɗan kurciya yana da wuyar reno a hannu, domin a kwanakin farko iyayensa biyu suna ciyar da shi da wani farin abu mai kauri kamar kindirmo da ke fitowa daga maƙogwaronsu.

Abin da za ki faɗa wa auta

Kada ki ce mata abin ba komai ba ne, kuma kada ki ce mata hankaka mugu ne. Ki fara da yaba mata. A cikin Abu Dawud an ruwaito cewa sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa a wata tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fiffike, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Zafin da 'yarki ta ji yana da asali mai kyau. Daga nan ki gaya mata cewa hankakan ma yana da 'ya'ya masu jin yunwa a can saman bishiya, kuma bai san wata hanyar ciyar da su ba. Mutum yana da zaɓi, shi ya sa ake kiran aikinsa zalunci ko adalci, hankaka ba a ba shi wannan zaɓin ba. Ki tuna mata cewa a cikin Suratul Ma'ida hankaka ne aka aiko ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda ake binne gawa.

Babban yaron kuwa ya isa a yi masa magana mai nauyi. Ki tambaye shi daga ina 'yan shilar da ake yi wa mai jego da marar lafiya farfesu suke fitowa. Daga sheƙar tattabara muke ɗauko su tun ba su fara tashi ba, uwarsu tana kallo, kuma halal ne, muna ci muna godiya. Na taɓa yi wa wani ɗalibina wannan tambaya lokacin da ya zo min da irin fushin ɗanki. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce bai taɓa haɗa abubuwan biyu a ransa ba.

Ki sa ran kurciyar za ta sake gini nan ba da jimawa ba, sau da yawa cikin mako ɗaya ko biyu, wataƙila a gwaibar, wataƙila a wani wuri kusa. Wannan karon a bar kujera a ɗaki. Ki ba babban littafi da biro a madadin danƙo, su zauna a bakin taga ko ƙofar ɗaki, tazarar taku goma ko fiye, ya rubuta ranar da aka fara ɗaukar tsinke, ranar da aka fara kwanci, da lokacin da iyayen suke canjin aiki. Zai lura namijin ne yake zama a kan ƙwan da rana, macen ta karɓe shi da yamma ta kwana a kai. Ba zan yi miki alkawarin waɗannan za su tsira ba, ki shirya zukatansu tun yanzu. Idan sun kai kwana goma sha huɗu bayan ƙyanƙyashewa, ku fara duba rassan da ke kusa da sheƙar da sassafe, a nan suke fara zama kafin su yi nisa.